Faifan dutse mai zanen leza: zai ci kasuwa a Damagaram?

Wani matashi daga unguwar Zango ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga bidiyon masu zana suna da ado da injin leza a kan ƙananan duwatsun da ake ɗora wa kofi ko tukunya mai zafi. Yana da 'yan kuɗin da ya tara, yana son ya san wane inji zai saya, ina zai samu dutse, kuma ko abin zai sayu a nan Zinder.

Ƙanena, ka jera tambayoyinka a juye. Inji shi ne abu na ƙarshe da za ka sa wa kuɗi, don haka bari in fara da mai saye.

Babu Badamagaren da zai tashi da safe ya ce yau sai ya nemi abin ɗora kofi. Bidiyon da ka gani daga Amurka da Turai suke, inda ake da teburan katako masu tsada waɗanda gumin kofi ke ɓata wa fuska. Mu a tabarma muke zama, kofi a ƙasa yake ko a faranti, kuma duk gidan da ka shiga akwai faifan kaba da ke wannan aikin a kuɗi kaɗan. In ka baza duwatsu a Kasuwar Dole kana jiran mai wucewa, za a ɗauka a juya, a ce kai wannan ya yi kyau, a ajiye maka abinka. Abin da mutum zai ciro kuɗi dominsa shi ne sunan da ke jikin dutsen. Masu biki da ke son rabon abin tunawa, abokan aikin wanda ya yi ritaya, ƙungiyar da ta gama taron horo tana son ba mahalarta wani abu mai tambarinta, otal da gidan abinci, ofisoshi, malaman jami'ar André Salifou, da 'yan gari mazauna Yamai ko Kano da ke neman tsarabar gida. Waɗannan ba ɗaya suke saye ba, ashirin ne, hamsin, ɗari. Sana'ar ta komandi ce, kai za ka bi ta har inda take. Babban faifan ɗora tukunya kuwa ya fi ƙaramin amfani na gaske a wurinmu, saboda teburin roba da na gilashi sun cika gidajen ma'aikata, kuma duk matar da tukunya ta taɓa narkar wa ledar tebur ba ta buƙatar dogon bayani.

Sai dutse, wanda nan ne yawancin masu farawa ke karyewa. Baƙin dutsen da ka gani a bidiyo ardwaz ne, irin na allon 'yan makaranta na da. Yana karɓar leza fiye da kowane dutse: inda hasken ya taɓa sai ya koma fari-fari, baƙin da ke gefe ya fito da shi. Amma shigo da shi ake yi, yawancin yankakkun faifan daga Sin suke zuwa, kuma dutse nauyi gare shi. Guda mai santimita 10 a kan 10, kauri milimita 6, ya kai giram 165. Ɗari sun haura kilo 16 kafin a sa kwali. In ta jirgi ne, kuɗin dako kan wuce kuɗin dutsen. In ta ruwa ne, tun 2023 da hanyar Kwatano ta rikice kaya ke daɗewa a hanya, ga duwan, ga waɗanda za su iso a fashe. Ba na hana ka ardwaz, amma ka ajiye shi don komandi mai tsada, kada ya zama shi ne abincin injinka na kullum.

Za ka ce to ga duwatsu nan jibge a Birni da kewayen gari. Giranit ne, kuma matsalarsa biyu. Yana da tauri ƙwarai, sai babban zarto mai haƙoran daimon da ruwa ke iya yanka shi falle-falle, wannan kuma wata masana'anta ce daban da ta fi ƙarfin jarinka. Sannan launinsa ɗige-ɗige ne, ja-ja da toka-toka, zane ɓacewa yake a cikinsa. Giranit ɗin da ke amsa leza shi ne baƙi ƙirin mai santsi, wanda ake yin kan teburin kicin da matakala da allunan buɗe gini da shi. Masu wannan aikin a Kano da Yamai kullum suna da ragowar yanka da ba su san yadda za su yi da ita ba. Kaurinsa galibi santimita 2 ne, ya yi wa kofi nauyi, amma ga tukunya ba na biyunsa: mai 20 a kan 20 ya ɗan haura kilo 2, ba ya motsi, zafi ba ya damunsa.

Marbur kuwa ka yi hattara. Kyau gare shi, amma tsami na cin sa. Lemun tsami, tsamiya, bisap, duk wanda ya zuba ya kwana sai ya bar tabo marar fita, mu kuma abin shanmu ke nan. Farin marbur ma ƙaramin inji ba ya kama shi sosai, don hasken yake mayarwa. Akwai kuma dutse mai laushi na Ayar da masu sassaƙa a Agadas ke aiki da shi. Yana jure zafi, yana yankuwa da zarton hannu, sai dai farce ma na iya kartarsa, kuma ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce.

Abin da nake ba mai farawa shawara a Zinder shi ne farin karo, wanda ake mannawa a bangon kicin da bayi. Ba dutse ba ne na asali, yumɓu ne gasasshe, kuma ka faɗa wa mai saye hakan. Amma yana nan a shagunan kayan gini, masu sa karo suna da ragowa, yana jure zafi, kuma guda mai 30 a kan 30 zai ba ka ƙanana tara, kowanne ya ɗan gaza 10 saboda abin da bakin zarto ya ci. Yadda ake yi: a goge fuskarsa tas, a fesa masa farin fenti marar ƙyalli siriri daidai wa daida, a bari ya bushe, sannan a bi da leza a hankali da ƙarfi. Sinadarin titaniyam da ke sa fentin fari shi ne zafi ke narkarwa ya manne da gilashin karon ya koma baƙi. Daga nan a wanke sauran fentin da tina, sai baƙin zane ya rage a kan fari, wanda wuƙa ma ba ta kankare shi. Ba kowane farin fenti ke yi ba, sai mai titaniyam sosai, don haka ka sayi gwangwani iri-iri ka gwada kafin ka tsaya a kan ɗaya. Akwai masu shafa baƙin fenti su ƙone shi farin ya bayyana. Ya fi sauri, amma fenti ne kawai zaune a sama, tukunya mai zafi za ta kwashe shi, mai saye kuma ya dawo maka da fushi.

Yanzu inji. Iri biyu ne suka shafe ka. Na diyod, mai shuɗin haske, da na CO2, mai bututun gilashi. Na CO2 ya fi sauri, ya fi kama giranit da marbur, amma ka dubi garin da kake. Bututun mai wat 60 ya haura mita ɗaya, gilashi ne, kuma sai ya bi hanyar mota kafin ya iso ka. Ruwa ke sanyaya shi, ruwan kuma ana son ya tsaya tsakanin digiri 15 da 25, alhali a Afrilu da Mayu inuwa ma ta wuce 40. Na'urar sanyi da ake yawan haɗawa da shi, CW-3000, fanka ce kawai, ba ta iya sauke ruwa ƙasa da zafin ɗaki. Wadda ke aiki a nan ita ce mai kwamfireso irin na firigo, kamar CW-5200, kuma in ka haɗa ta da injin da fankar fitar da hayaƙi ka doshi wat 1000 ko fiye. Ka san halin wutarmu da ke zuwa ta layin Katsina, ka kuma tuna yadda aka sha duhu daga Agustan 2023.

Na diyod mai wat 10 gaba ɗayansa bai cin wat 100. Fano da batir ɗaya sun riƙe shi yini guda. Shi nake zaɓa maka, wat 10 ko 20 in aljihu ya kai. Ka lura da wayon masu sayarwa: sukan rubuta wat 40 ko 80, alhali wutar da injin ke ja ce suke nufi. Ka tambayi ƙarfin hasken da ke fita daga kan injin, shi ne ma'auni. Injunan kamfanonin xTool, Sculpfun, Atomstack, Ortur, duk suna aiki, abin dubawa shi ne wanda za ka samu kayan gyaransa. A manhajojin sarrafa inji, LaserGRBL kyauta ce, LightBurn ta kuɗi ce amma ta cancanci kuɗinta. Kada ka haɗa inji kai tsaye da wutar gari. In aka ɗauke a tsakiyar zane, da wuya ka mayar da kan daidai layin da ya tsaya, dutsen ya tafi ke nan. Ka bi ta batir ko ondilar.

Kuma ka sani waɗannan injuna ba sa yanka dutse, fuskarsa kawai suke ƙonawa. Yanka da gyaran baki aikin injin yankan karo ne, da ruwa. Na san ruwa tsada gare shi a garin nan, amma ka sa baho a ƙasa ka riƙa juya shi. Ƙurar giranit da karo in aka yanka a bushe tana taruwa a huhu, ciwon da take jawowa kuma ba ya warkewa. Ido ma haka. Shuɗin hasken nan ko dawowa ya yi daga dutse mai santsi yana iya ƙone ganin mutum kafin ya ƙifta. Ka sa tabarau na ainihi da aka yi wa irin wannan hasken, ka ƙera wa injin akwati mai murfi da bututun fitar da hayaƙi waje, musamman in a gida kake inda yara ke leƙe. Akwatin zai kuma kare ka daga ƙurar hunturu, wadda in ta zauna a gilashin kan injin sai zafi ya gasa ta a wurin, ƙarfi ya ragu, a ƙarshe gilashin ya tsage. Auduga da alkol na kantin magani kafin fara aiki sun wadatar.

Game da saiti, kada ka kwafi lambobin kowa a matsayin gaskiya. Ka sadaukar da dutse ɗaya daga kowane sabon kaya ka yi masa gidajen gwaji, gudu a gefe ɗaya, ƙarfi a ɗayan. A injin wat 10 a kan ardwaz, ka fara dubawa tsakanin milimita 3000 zuwa 6000 a minti, ƙarfi daga kashi 50 zuwa 80. Masu farawa sukan ɗauka ƙara wuta ke ƙara fari. In ta yi yawa dutsen narkewa yake ya koma ruwan ƙasa mai ƙyalli, farin ya mutu. Tazarar layi milimita 0.1 ta isa. A baƙin dutse sai ka juya hoton, inda yake baƙi ya koma fari, domin leza fari take rubutawa. A farin karo ba a juyawa. Ardwaz kaurinsa ba ya zama ɗaya, don haka ka auna tsayin kan injin a kowane guda, ka kuma yanka kwali mai ramuka daidai girman duwatsun ka kafe shi, yadda kowane zane zai faɗa tsakiya ba tare da ka sake awo ba.

Ardwaz yana ƙara kyau in ka fesa masa berni marar launi siriri kafin zane: baƙin ya ƙara duhu, farin ya fito. In ka shafa mai bayan zane farin dushewa yake, man gyaɗa kuma har wari yake yi ya kama ƙura. Faifan tukunya kada ka shafa masa komai, zafi zai narkar da shi ya manne da gindin tukunya. Akwai kuma abin da masu bidiyo ba su sani ba: tukunyarmu da baradarmu daga kan gawayi ko itace suke saukowa, gindinsu da baƙi. In ka cika tsakiya da farin zane, mako ɗaya ya isa ya ɓace. Ka kai adon gefe-gefe ka bar tsakiya fili. Kafin ka sayar da sabon iri, ka ɗora masa tukunyar da ta sauko daga wuta a gidanku ka gani, don siririn ardwaz in ya jiƙe yakan ɓare.

Ƙasan dutse dole a sa masa abin da zai hana shi kartar tebur. Nan garinmu ya ba ka abin da ɗan Sin ba ya da shi. Ka je wurin dukawa su yanka maka jar fata ka manna a ƙasa, su kuma ɗinka maka ɗan gidan fata da zai ɗauki huɗu ko shida. Wannan kaɗai na iya ninka darajar kayan a idon mai neman kyauta. Ga na tukunya ka yi amfani da gam na silikon mai jure zafi, gam ɗin kyandir sakewa yake. Zane ma ka ɗauko na gida: dagi, adon bangon gidajen Birni, ƙofar fada, kakaki, kuros ɗin Zinder da na Agadas. Ka ɗauki hoton bango da wayarka, ka bi layinsa a manhajar zane ta Inkscape, ka tara naka. Tambarin ƙungiyoyin ƙwallo zai ja samari, amma mallakar wasu ne, kuma kowa na iya saukar da shi, ba abin da zai bambanta ka da na gaba.

Maganar rubutu ina son ka riƙe ta da kyau. Wannan abu ne da ake ɗora wa kofi da tukunya, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a taka. Kada ka zana aya, ko sunan Allah, ko sunan Annabi (SAW) a kansa, ko nawa aka ba ka. Sunaye irin su Abdullahi da Abdurrahman ma ka tsaya ka yi wa mai komandi bayani, a sa laƙabi ko harafin farko, ko a mayar da abin allon jingina mai ƙafa da za a ajiye a kan kabad. Hoton fuska ma haka nake gani. Ba wanda zai so a dangwala barada a fuskar amaryarsa ko ta mahaifinsa, balle ta Sarki. Ka yi masa ƙafa ya tsaya, ka sayar da shi da tsada ma.

Sannan rubutun suna. Mutum ɗaya a takardar haihuwa Mahamadou ne, a katin biki Muhammadu, abokai na rubuta Mamadou. Aïchatou da A'ishatu mace ɗaya ce. Dutse ba ya gogewa, don haka kada ka karɓi suna da baki ko ta saƙon murya. A rubuto maka, ka tura hoton zanen ta WhatsApp, a amsa da na yarda a rubuce, sannan ka kunna inji. Yawancin haruffan ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su bar gurbi ko su sa akwati. Larabci da ajami kuma wasu manhajoji kan wargaza su, haruffa su rabu ko su juya daga hagu. Ka mayar da rubutun zane kafin ka tura wa inji, ka kuma nuna wa wanda ya iya karatun.

Farashi daga agogo yake fitowa. Hoton da ya cika santimita 9 a kan 9 layi 900 ne, kowanne milimita 90, jimla milimita 81,000. A gudun 6000 minti 13 da rabi ke nan, da juyawar kai a bakin kowane layi ka ce kusan 20. Komandin ɗari ya zama awa 33 da wani abu, kana zaune kusa, don ba a barin leza ita kaɗai. Suna da ɗan ado a tsakiya kuwa minti biyar ko shida ne. Saboda haka kuɗin hoto daban, kuɗin rubutu daban, kuma in an ce biki jibi ne ka san abin da za ka iya karɓa. Ka haɗa kuɗin dutse, yanka, fenti, fata, gam, kwali, lokacinka, da rabon kuɗin injin da kansa, domin kan diyod yana tsufa sai an sauya. Ka ƙara ɗaya a kowane goma na fashewa da kuskure. Mai guda ɗaya ya biya kuɗin tsara zane shi kaɗai, mai ɗari a raba masa. Rabin kuɗi abansi, ba sani ba sabo, saboda dutsen da aka rubuta wa sunan wani ba ya sayuwa ga kowa. Ofisoshi da ƙungiyoyi za su nemi faktir da lambar NIF, wato lambar rajistar haraji, kuma biyansu na iya ɗaukar watanni, kada ka zuba duk jarinka a komandinsu komai girmansa.

In za ka aika Yamai, kusan kilomita 900 a cikin kar, ka sa kwali tsakanin kowane biyu, ka jera su a tsaye a kan gefensu, ka cika gurbi har ka girgiza ba ka ji motsi ba. Kuɗi su zo ta Nita ko Amana kafin kaya su tashi.

Injin kuma ba zai ci da kansa daga dutse kaɗai ba, aƙalla a farko. Shi ɗin ne zai zana maka a ƙwarya, katako, maƙalan makulli da fata. Fatar majemanmu ta bagaruwa lafiya lau take. Fatar roba irin ta kujera da duk abin da aka yi da robar PVC kada su kusanci leza, iskar da suke fitarwa guba ce, tana kuma cin ƙarfen injin.

Abin da zan ce ka yi a wannan watan: ka sa a yanka maka farin karo da ragowar baƙin giranit, ka tsara zane uku ko huɗu, ka aika wa mai inji a Kano ko Yamai ya buga maka kamar goma sha biyu. Ka kai wa baduku ya yi musu gida, ka zaga da su otal, ofisoshi da wurin masu buga katin biki. In mutum biyu suka ba da abansi, ka yi odar inji, kuma a cikin odar ka sa gilashin kai na sauyi guda biyu ko uku, da bel, da tabarau na biyu don yaron da zai taya ka.